Gajiyar da ta ƙi barin mai goyo: yadda ake bin sawun dalilinta

Babu mai goyon da ba ta gajiya. Wadda take tashi sau uku ko huɗu cikin dare don ba da nono, gari ya waye ga wanki ga girki ga hidimar sauran yara, dole jiki ya nuna. Amma irin wannan gajiyar tana jin magani: a karɓar mata jaririn, ta samu barci kwana biyu uku, ta ci ta ƙoshi, sai ka ga ta warware. Wadda muke magana a kanta daban ce. Ita ce wadda barci ba ya ɗauke ta, an yi arba'in tana ƙaruwa maimakon ta ragu, har yarinya 'yar shekara 20 ko 25 ta kasa share tsakar gida sai ta zauna ta huta, ko ta koma salla a zaune. A gida za a ce jego ne, ko jininta ne bai dawo ba, wani lokacin ma a ce son jiki ne. A kemis kuma a ce maleriya da taifod, a ɗaura mata ruwa, a haɗo ta da kwalbar maganin ƙarin jini.

Cututtuka da yawa ne suke fitowa da gajiya, kuma abin da zai taimaki wata zai iya halaka wata. Ledar ruwan da za ta farfaɗo da mai gudawa ita ce za ta shaƙe wadda zuciyarta ta yi rauni. Don haka binciken yana da tsari: a fara cire abin da ba ya jira, a bi da waɗanda suka fi yawa, sannan a nemi masu ɓuya.

Mataki na farko: abin da ba a kwana da shi

Idan gajiyar ta zo da ɗaya daga cikin waɗannan, ba a jiran Litinin, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Numfashi yana sarƙewa ko tana zaune. Ba ta iya kwanciya sai ta tara filo ko ta jingina da bango. Ciwon ƙirji ko suma. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Jini yana jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya ko yana fita guda-guda. Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon mara ko jinin biƙi mai wari. Matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, domin jijjiga tana iya zuwa bayan an sauka, har cikin sati 6 na farko. Ko kuma tana cewa gara ta mutu, tana jin muryoyi, tana tsoron kada ta cutar da jaririn. Duk wannan na sashen gaggawa ne, in a Kano ne a Asibitin Murtala, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Asibitin Nassarawa, ko wanda ya fi kusa.

Mataki na biyu: haɗa labarin tun daga gida

Likitan da ke da dogon layi a ƙofarsa ba zai samu abin kamawa ba idan duk abin da kika ce shi ne kina jin kasala. Ki zauna da takarda, ko ki sa wata ta rubuta miki. Yaushe gajiyar ta fara, tun da ciki ko sati nawa bayan haihuwa? Haihuwa ta nawa ce, kuma wata nawa ne tsakaninta da ta baya? A gida aka haihu ko a asibiti, jini ya zuba da yawa, an yi ƙarin jini? An taɓa cewa kina da hawan jini, jijjiga ko suga lokacin awon ciki? Ruwan nono ya zo? Al'ada ta dawo, kwana nawa take yi, ƙunzugu nawa kike canzawa a rana? Kina ramewa ne ko ƙiba kike? Sannan ki zuba duk abin da kike sha ko shafawa a leda ki tafi da shi: na asibiti, na kemis, jiƙe-jiƙe, kayan mata, man shafawa. Katin awon ciki ma kada a bar shi, PCV ɗinki na baya, wato gwajin yawan jini, da awon hawan jininki suna ciki.

Akwai awo huɗu da ake iya yi a gida. Bugun zuciya: bayan kin zauna minti biyar, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa ki ƙirga na minti ɗaya cikakke. Daga 60 zuwa 100 daidai ne. Idan kullum yana haura 100 alhali ba zazzaɓi, akwai magana. Ido: a fita haske, a ja fatar ido ta ƙasa. Ja ya kamata a gani, in ya yi fari-fari ko tafin hannu ya ɗashe, jini ya yi ƙasa, sai dai ganin ja bai wanke mace daga ƙarancin jini ba. Ƙafa: a danna ƙashin ƙauri da babban yatsa na daƙiƙa biyar, in ramin ya tsaya to ruwa ne ya taru. Na huɗu awon hawan jini, wanda kusan kowane kemis yake yi: 140/90 zuwa sama yana buƙatar likita, 160/110 kuwa na gaggawa ne.

Mataki na uku: a Kano, sai an cire zuciya

Akwai ciwon da ke raunana naman zuciya daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata 5 bayan haihuwa, ga matar da ba ta taɓa ciwon zuciya ba. Zuciyar takan faɗaɗa ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya koma ya taru a huhu da ƙafafu. A Amurka ana samunsa a mace 1 cikin haihuwa dubu ɗaya zuwa dubu huɗu. A arewa maso yammacin Najeriya kuwa, binciken asibitoci a Sakkwato da Kano ya nuna kusan 1 cikin haihuwa 100, wanda yana cikin mafi yawa a duniya. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci babban nazarin da aka yi kan wannan ciwo a faɗin ƙasar. Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a sallami mai goyo a garin nan da maganin ƙarin jini kawai ba tare da an tambaye ta yadda take numfashi ba.

Yadda yake farawa shi ke ruɗar mutane, don alamunsa sun yi kama da nauyin jego. Da farko gajiya ce da haki idan ta hau bene ko ta ɗauki bokiti. Sai tari busasshe da ke tsananta in ta kwanta. Sai ta riƙa farkawa tsakar dare tana neman iska, ta tashi zaune ko ta buɗe taga. Ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, ciki ya cika ta ɓangaren dama, abinci kaɗan ya ƙosar da ita, gaba ya riƙa faɗuwa. A nan ake yin kuskure mafi muni. Ana ganin ta galabaita sai a ɗaura ruwa a gida, ko a ce nimoniya ce ko asma a yi ta allura. Kowace leda rabin lita ce ake ƙara wa zuciyar da ta riga ta kasa da abin da ke gabanta.

Gwajin da ke tabbatarwa shi ne hoton zuciya da ake kira eko. Hoton ƙirji da ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, suna taimakawa, amma ba sa maye gurbinsa. A takardar eko ki nemi lambar EF, wato kason jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya. Mai lafiya tana kaiwa kashi 55 zuwa sama, ƙasa da 45 shi ne ma'aunin wannan ciwon. Ana ba da maganin fitar da ruwa ta fitsari da magungunan ƙarfafa zuciya, kuma akwai waɗanda suka dace da mai shayarwa. Mata da yawa suna warkewa, wasu cikin wata shida, wasu sai an haura shekara. Abu biyu ke mayar da hannun agogo baya: daina magani da zarar kumburi ya saɓe, da ɗaukar sabon ciki kafin eko ya nuna zuciya ta dawo. Maganar tazarar haihuwa a nan maganar rai ce, kuma gara a yi ta a gaban likita da maigida a zaune.

Game da kunun kanwa da wankan jego: likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta ciwon da su da kuma kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan a Kano bai nuna su ne ainihin sanadi ba, ya fi karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, rama, talauci da hawan jinin ciki. Duk da haka kanwa cike take da sinadarin gishiri, tana riƙe ruwa a jiki. Wadda take da kumburi, haki ko hawan jini ta bar kanwa gaba ɗaya, ta rage gishiri da dunƙulen miya, kuma kada a matsa mata da tafasasshen ruwa tana jiri. Iyayenmu da ke kula da masu jego suna yi ne don ƙauna, idan an yi musu bayani da ladabi sukan karɓa.

Mataki na huɗu: jini, da lambobinsa

Ƙarancin jini shi ne dalili mafi yawa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya samu kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Ciki yana cinye sinadarin ayon da mace ta tara, haihuwa ta zubar da wani, in jinin ya wuce rabin lita an shiga zubar jini mai yawa. Wadda ta yi kwanika kuwa ba ta samu lokacin mayar da abin da ya tafi ba. Alamun su ne jiri in ta miƙe, haki, bugun zuciya, ciwon kai, zubewar gashi, farce mai karyewa, ƙafafu su hana ta sakat da dare. Akwai wata alamar da mata ba sa faɗa: kwaɗayin tauna ƙanƙara, farar ƙasa ko ɗanyar shinkafa. Wannan kwaɗayin sau da yawa ƙarancin ayon ne.

PCV gwaji ne mai araha, ana samunsa har a ƙananan asibitocin unguwa. Ga macen da ba ta da ciki, hemogulobin, sinadarin da ke ba jini jan launi, in ya yi ƙasa da 12 ƙarancin jini ne, wato PCV ƙasa da kamar 36. Hemogulobin ƙasa da 8, PCV wajen 24, mai tsanani ne. In da hali a yi cikakken gwajin jini na FBC, shi ke nuna ko ƙwayoyin jinin sun ƙanƙance, alamar ƙarancin ayon, ko sun yi girma, alamar ƙarancin folik asid ko bitamin B12. Akwai kuma gwajin feritin da ke auna ajiyar ayon. Mace tana iya samun PCV daidai amma ajiyarta ta ƙare, kuma hakan kaɗai yana kawo gajiya. Feritin ƙasa da 30 yana nuna ajiya ta yi ƙasa. A tuna zazzaɓi ko wani ciwo yana ɗaga lambar, don haka ba a yin sa ana tsakiyar rashin lafiya.

Maganin ba tsada gare shi ba, yadda ake shansa ne matsalar. Ƙwayar ayon ta miligiram 200, wadda aka fi sani da Fersolate, tana ɗauke da miligiram 65 na ayon. Ɗaya a rana ta isa ga yawancin mata, wasu likitocin ma suna cewa a sha yau a tsallake gobe idan tana damun ciki. A sha awa ɗaya kafin abinci, da ruwa ko da lemon zaƙi ko gwaiba. A raba ta da shayi, madara, fura da nono da maganin olsa da aƙalla awa biyu, domin suna hana hanji tsotse ta. Wadda ke haɗiyar ƙwayar da kofin shayin safe ta yi asarar kaso mai yawa. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. In ciki ya ɗaure a ƙara ruwa da ganye, in tashin zuciya ya yi yawa a sha bayan ɗan abinci, ya fi a daina. A ajiye kwalbar inda yara ba za su kai ba, ƙwayoyin suna kama da alawa kuma da yawansu guba ne ga yaro.

Bayan sati 4 a sake gwaji. Ana sa ran hemogulobin ya hau da 1 zuwa 2, wato PCV ya ƙaru da maki 3 zuwa 6. Ko ya dawo daidai, a ci gaba da sha wata 3 don cika ajiya. Yawanci a nan ake yankewa, mace ta ji ƙarfi ta ajiye magani, bayan 'yan watanni a dawo gidan jiya. In kuwa jinin bai hau ba, a tambayi dalili. Ko ba a shan maganin daidai. Ko jini yana ci gaba da tsiyaya: al'ada mai wuce kwana 7, robar mahaifa mai ƙara zubar jini, basir, olsa, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da ke cin bangon ciki. Ko tsutsar ciki, wadda ƙwayar albendazol miligiram 400 ke kashewa. Ko maleriya mai maimaituwa. Ko kuma ba ayon ba ne tun asali. Wadda ba ta san rukunin jininta na gado ba ta yi gwajin jinotayif, don akwai masu nau'in sikila na SC da ba sa sani sai haihuwa ta tona, kuma mai sikila ba ta shan ayon sai gwaji ya nuna tana buƙata. Ga wadda hanjinta ya ƙi karɓar ƙwaya akwai ayon na jijiya a manyan asibitoci. Ƙarin jini kuma likita ke yanke shi, galibi in hemogulobin ya sauka ƙasa da 7 ko mace tana haki a zaune.

Lemon malt da madarar gwangwani ba sa ƙara jini, suga ne da kitse. Zoɓo ma jan launinsa ba jini ba ne. Kuɗin ya fi amfani a hanta sau ɗaya a sati, nama, kifi, ƙwai, wake, zogale, alayyafo da rama, da ɗan lemo a gefe.

Mataki na biyar: gwaje-gwaje masu sauƙi da ake yawan tsallakewa

Gwajin ciki tukuna, ko tana ganin ba zai yiwu ba. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi.

Maleriya a gwada kafin a sha magani. In gwajin ya nuna babu, a nemi wani dalilin. Gwajin taifod na Widal da ake yi a ko'ina yana nuna akwai ga mutane da yawa da ba su da cutar, kuma taifod ba ya zuwa da gajiya zalla ba zazzaɓi. Matar da aka yi wa maganin maleriya da taifod sau uku cikin wata biyu ba ta warke ba, da wuya a ce su ne ke damunta.

Gwajin fitsari yana kama ciwon mafitsara, kuma furotin a fitsari yana nuna ƙoda, musamman ga wadda ta yi hawan jinin ciki. Suga a gwada da safe kafin a ci komai: 126 zuwa sama, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, ciwon suga ne idan an maimaita ya tabbata. Wadda ta yi sugan ciki ko ta haifi jariri mai nauyin kilo 4 zuwa sama ta fi buƙatar wannan. Tari na sati 2, zufar dare da rama suna kiran gwajin majina na tarin fuka, gwajin da maganin duka kyauta ne a asibitocin gwamnati, har da Asibitin Zana. Gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B a sake su ko an yi lokacin awo, kuma babu abin kunya a ciki, lafiyar jaririn ma tana rataye da sakamakon.

Mataki na shida: masu ɓuya

A gaban wuya akwai halittar da ake kira tayirod, wadda in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo. Ita ke saita saurin aikin jiki. Kusan mace 1 cikin 20 tana samun kumburinta cikin shekarar farko bayan haihuwa, sau da yawa ba tare da wuya ya nuna komai ba. Tsakanin wata 1 zuwa 4 takan yi gudu: bugun zuciya, rawar hannu, zufa, rashin barci, rama. Daga wata 4 zuwa 8 sai ta yi sanyi: kasala mai nauyi, jin sanyi ana zafi, bushewar fata, ɗaurewar ciki, mantuwa, ƙiba ba dalili, nono ya ragu. Gwajin jini na TSH ke nunawa. Yawancin mata suna dawowa daidai cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wasu kuma sai sun zauna kan ƙwaya ɗaya kullum da safe, wadda ba ta hana shayarwa.

Na biyu ya fi wuyar samu, amma inda ake yawan haihuwa a gida ya kamata a san shi. Idan jini ya zuba sosai wajen haihuwa har mace ta suma ko aka yi mata ƙarin jini leda da yawa, wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke ba sauran sassan jiki umarni tana iya lalacewa. Likitoci suna kiransa ciwon Sheehan. Alamarsa ta farko ruwan nono bai zo ba sam. Daga baya al'ada ta ƙi dawowa ko an yaye, gashin hammata da na gaba ya zube, awon jini ya riƙa sauka, jiki ya mutu. Yana iya ɗaukar shekaru ba a gane ba, ana ta yawon neman maganin sanyi ko na haihuwa. Duk wadda labarinta ya yi kama da wannan ta faɗa wa likita zancen zubar jinin da bakinta, ta nemi a tura ta wurin likitan sinadaran jiki a asibitin koyarwa. Ana mayar da sinadaran da suka ɓace da ƙwayoyi, mace ta dawo da ƙarfinta.

Sai abin da ke cikin ledar magunguna. Piriton da magungunan mura suna sa barci. Aldomet da ake ba masu ciki don hawan jini yana kawo kasala da ƙuncin rai, shi ya sa ake canza shi bayan haihuwa, amma mata da yawa suna ci gaba da saye a kemis wata da watanni. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe galibi maganin sa barci ne da sitiroyid irin deksametason. Man bilicin da yawa ma sitiroyid ne a ciki, yana ratsa fata ya shiga jini. Idan an daɗe ana amfani da su jiki yakan daina ƙera nasa, sai rauni, ciwon gaɓoɓi, hawan jini da suga su biyo baya. Wadda ta wuce sati 3 tana shan irin wannan kada ta yanke rana ɗaya, yankewar tana iya jefa ta cikin mummunan hali. Likita ne zai rage mata a hankali.

Wadda ba ta cika fita rana ba, tana ciwon ƙugu da ƙashi, tashi daga tabarma yana yi mata wuya sai ta dafa, a duba bitamin D.

Mataki na bakwai: ciwon damuwa

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da yawancin mata ke yi, yakan wuce cikin sati 2. Wanda ya zarce haka ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 13 cikin ɗari na masu jego suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. A wurinmu ba kasafai mace ke cewa tana baƙin ciki ba, kada a ce ta yi butulci ga kyautar Allah. Abin da za ta ce shi ne jikina ba ƙarfi, kaina yana zafi, wani abu yana yi min yawo a jiki. Tambayoyin da ke bambancewa su ne: idan jariri ya yi barci, ke kina iya barci? Akwai abin da har yanzu yake faranta miki rai? Kina jin ke uwa ce marar amfani? Mai ƙarancin jini tana son yin abu jiki ne ya hana. Mai damuwa son ma ya tafi. Kuma ana iya samun biyun tare.

Maigida, wannan sashen naka ne. Rashin barci, rikicin gida, kishi, rashin kuɗin cefane, rasuwar jariri a baya, da zama ita kaɗai daga safe zuwa dare duk suna hura wannan ciwon. Ba raunin imani ba ne, kuma addu'a da ganin likita ba sa karo da juna. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Ana magani da zaman tattaunawa da kuma ƙwayoyi irin satralin da mai shayarwa ke iya sha. Sukan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, don haka kada a yanke hukunci a satin farko.

Idan kuɗi ba su isa a yi duka ba

A fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai: awon jini, bugun zuciya, likita ya saurari ƙirji, PCV, gwajin ciki, fitsari, maleriya da suga. In akwai haki, tari ko kumburi, eko ya zo gaban komai, ko da za a jinkirta sauran. Zagaye na biyu FBC, feritin, TSH da gwajin ƙoda. Wadda ke cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kano ko inshorar tarayya ta fara daga asibitin da aka yi mata rajista, daga can ake ba da takardar turawa. A riƙe kowane sakamako a fayil ɗaya da kwanan wata, kuma in zai yiwu a tsaya wa asibiti ɗaya, don yawan canza likita yana sa a yi ta maimaita gwajin farko ba a kai ga na biyu ba.

In duk gwaje-gwajen sun fito lafiya, a koma kan lissafin yini. Barcin awa shida da aka yanka gida biyar ba ya hutar da jiki. A samu wadda za ta riƙe jaririn bayan shayarwar isha ko ta asuba, uwar ta samu awa huɗu a jere, a gwada haka sati biyu. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci kusan kwano ɗaya a rana kan abin da ta saba, kuma a gidaje da yawa ita ce ke ci a ƙarshe bayan kowa ya ƙoshi. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Kano ke haura digiri 40, ta sha ruwa duk lokacin da ta zauna ba da nono, fitsarinta ya zama fari-fari shi ne ma'auni. Mai shayarwar da azumi ke galabaitarwa tana da rangwame a shari'a, ta tambayi malami yadda za ta rama. Bayan sati 4 zuwa 6 da gyara waɗannan, in ba canji, ko wata sabuwar alama ta fito kamar ciwon gaɓoɓi, ƙuraje a fuska, zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya ko dindiris a hannu da ƙafa, a koma da fayil ɗin gaba ɗaya a nemi a tura ta wurin ƙwararren likitan cututtukan cikin jiki. TSH ɗin da aka yi a wata na biyu ana iya sake shi a wata na shida, domin sakamakon yana canzawa.